Me za mu kira "soft skills" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "iya mu'amala"

Salamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Yau kwana tara ke nan ina juya kalma guda a raina, na ga gara in kawo ta gabanku mu taru a kanta. Aiki aka ba ni na mayar da littafin horon matasa masu neman aiki zuwa Hausa, ina kuma gwada kowane babi a aji kafin in miƙa shi. Babin rubuta takardar neman aiki ya tafi sumul, na shiga ganawa ma haka. Da na iso babi na huɗu, inda ake maganar abin da Turawa ke kira soft skills, sai tafiya ta tsaya cak.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, buhu ce da suke zuba duk abin da ma'aikaci ke bukata wanda ba a rubuta shi a takardar shaidarsa ba. Sauraron umarni har a dire kafin ka amsa. Zuwa a kan lokaci. Sanin yadda za ka gaya wa na gaba da kai cewa ka yi kuskure, da wanda ya fi wannan wuya, yadda za ka gaya masa shi ne ya yi. Raba aiki da abokan aiki ba tare da an tashi baram-baram ba. Kwantar da abokin ciniki da ya shigo a fusace. Neman ƙarin albashi ba da murya ta roƙo ba, ba kuma da fitsara ba.

Na ga wasu sun rubuta "ƙwarewa mai laushi". Don Allah mu bar wannan. Laushi a kunnen Bahaushe na katifa ne, ko na wanda jinya ta kayar, ko wanda aka matsa masa a gardama har ya sauko. Ka ce wa matashi zo in koya maka laushi, ka ga ko zai zo. Su kansu masu kalmar ba taushi suke nufi ba. Daga rundunar sojan Amurka ta yaɗu, har suka yi taro musamman a kanta a sansanin Fort Bliss da ke jihar Texas a 1972. Abin da ya dame su shi ne sun san yadda ake auna sojan da ke sarrafa inji ko makami, amma ba su da ma'aunin wanda aikinsa jagorantar mutane ne da sa ido a kansu. Na ƙarfe suka kira shi mai tauri, ragowar kuma mai taushi, don kawai ba ƙarfe a ciki. Larabawan yau sun kwafo siffar yadda take, suna cewa maharat na'ima. Faransawa kuwa nasu suka gina: savoir-faire ga iya yi, savoir-être ga iya zama. Hanyar Faransawan nake so mu bi, mu duba rumbunmu.

Abin da na fara rubutawa a allo shi ne "kyawawan ɗabi'u". Ban gama ajiye alli ba wata yarinya a layi na biyu ta ɗaga hannu. Ta iya kwamfuta fiye da kowa a ajin, wata bakwai tana kai takardu ba a kira ta ba. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, wato mu da ba a ɗauka ba, ɗabi'unmu ne ba su da kyau?" Ajin ya yi tsit. Na ga wasu sun sunkuyar da kai, na kuma gane ba ita kaɗai maganar ta soka ba. Na ba ta haƙuri, na goge allon. Tun ranar na fahimci cewa sunan da za mu raɗa wa abin nan shi zai yanke ko matashi zai ji an kira shi makaranta ne ko an gurfanar da shi.

Daga nan na samo ma'aunin da nake gwada kowace kalma da shi: shin tana karɓar "tukuna"? Ana cewa bai iya tuƙi ba tukuna, kowa ya ji cewa gobe zai iya. Amma gwada "ba shi da hali tukuna". Ba ta zauna ba, domin mun riga mun ce hali zanen dutse ne. Gwada "ba ta da tarbiyya tukuna". Wannan kam zagi ne, kuma ba a kanta ya tsaya ba, ya wuce har ga iyayenta. Duk kalmar da ta ƙi "tukuna" ba ta dace da bangon ajin horo ba.

Ba raina waɗannan kalmomi nake yi ba. Baturen nan masanin harshen Hausa, Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe da aka buga a 1974, ya lissafo siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wa zai ƙi ma'aikaci mai waɗannan? Sai dai na sha ganin mutumin kirki na gaske, mai amana, da ya rasa aiki saboda bai san yadda ake cewa "ban gane ba, a sake mini bayani" ba. Kirkinsa na nan daram. Jimla guda ce ba a taɓa koya masa ba.

Kuma ana koyon abin nan, an gwada an gani. A birnin Lome na Togo an raba masu ƙananan sana'o'i 1,500 gida uku. Kashi ɗaya aka ba su horon kasuwanci irin wanda aka saba, lissafi da talla da sauransu. Kashi na biyu aka horar da su a kan tashi tsaye da kansu, hangen matsala tun ba ta iso ba, da naci idan abu ya ƙi. Na uku ba a ba su komai ba. Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2017 ya nuna ribar kashi na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 a tsawon shekara biyu, ta masu horon da aka saba kuwa kashi 11. A Amurka kuma David Deming na jami'ar Harvard ya nuna cewa daga 1980 zuwa 2012, rabon ayyukan da ke bukatar yawan cuɗanya da mutane ya ƙaru da kusan maki 12 cikin 100 na dukkan ma'aikata. Abin da kasuwar aiki ke ƙara nema haka, zalunci ne mu sa masa sunan da zai nuna da shi ake haihuwar mutum.

"Ladabi da biyayya" fa? Rabin abin ta ɗauko, ta bar rabin da ya fi tsada. Ma'aikaciyar jinya da ta ga an rubuta maganin da ya wuce ƙima, biyayya za ta sa ta yi shiru, mu kuwa so muke ta buɗe baki, ta kuma san yadda za ta faɗa har a saurare ta. Ina tsoron in muka rubuta biyayya a kan babin, masu ɗaukar aiki marasa tsoron Allah za su ji daɗi, su ce ai ga shi a littafi.

"Iya baki" da "iya magana" ma na ajiye su, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ban da warin daɗin baki da ke jikinsu, suna rufe ƙofa ga mutanen da horon nan ya fi kamata ya buɗe wa. A ajin akwai wani saurayi kurma mai gyaran waya. Duk wayar da aka kawo masa, sai ya ɗauki hotonta gaba da baya a gaban mai ita, ya rubuta a takarda abin da ya lalace da ranar da za a karɓa, ya nuna, ya jira a gyaɗa kai. In ranar za ta goce, tun jajibiri saƙonsa ya isa. Ban ga wanda ya kai shi abin da babin nan ke koyarwa ba, alhali bai taɓa furta kalma ba. Haka mai in'ina, haka wanda haɗa ido ke yi masa nauyi. Sunan da zai sa a auna su da zaƙin harshe ya fitar da su tun kafin a fara.

"Hulɗa da jama'a" tana da mai ita, jami'in hulɗa da jama'a ya riga ya zauna a kujerar. "Iya zama da mutane" kuwa ina ƙaunarta, ita ce ta fi kusa da karin maganar nan, zaman duniya iyawa ne. Matsalarta ta fi karkata ga zaman gida da maƙwabtaka, ga kuma tsawo.

Saboda haka ga abin da na kawo: iya mu'amala. Abokiyar tafiyarta kuma, wato ɓangaren inji da alƙalami, iya aiki. A ce wa matashi, "Ka iya aiki, saura iya mu'amala." Kalmar "iya" ita ke ɗauke da koyo, tana karɓar "tukuna" ba gardama. "Mu'amala" kuma ba baƙuwa ba ce a fagen aiki, tun a littattafan fiƙihu babin mu'amala ne ke maganar ciniki da bashi da ijara da alkawari. Tana kuma lanƙwasuwa yadda ake so: horon iya mu'amala, ta iya mu'amala, masu iya mu'amala, gwajin iya mu'amala.

Na dawo bayan na wallafa abin da ke sama, na karanta sharhinku, Allah ya saka da alheri; ga amsata ga wasu daga cikinku.

Hajiya, kin ce kiyaye lokaci ba mu'amala ba ce, tsakanin mutum da agogonsa ne. Ni a ganina duk wanda ya makara akwai wanda ya shanya. Lokacin da ka ce za ka zo alkawari ne, alkawari kuwa tsakiyar mu'amala yake.

Ɗan'uwa da ya tuna mana cewa ana jin "yana mu'amala da ɓarayi" ko "mu'amala da miyagun ƙwayoyi" a labarai, gaskiyarka. Amma lura, "da" ɗin nan da abin da ya biyo bayanta su ke kawo warin. Da ka ce wance ta iya mu'amala, ba wanda zai kawo mugun abu a ransa. Masu cewa "ma'amala" kuma, duk ɗaya ne, kowa ya bi bakinsa.

Malam, Allah ya ƙara sani, gyaranka shi ne wanda ya kama ni. Ka ce horon Togo da na kafa hujja da shi ba mu'amala ya koyar ba, himma ya koyar da warware matsala, kuma kalmata ba ta rufe su ba. Haka ne, na karɓa. Buhun Turawan ya haɗa abu biyu da ba jinsi ɗaya ba, abin da ke tsakaninka da mutane da abin da ke tsakaninka da kanka. Ban ga dalilin da zai sa mu ɗinka buhu irin nasu don dole ba. A littafin zan raba babin gida biyu, na farko iya mu'amala, na biyu himma da dabara. In kana da sunan da ya fi wannan na biyun zama, ina saurare, don sai ranar Alhamis zan miƙa aikin.

Ƙanwata mai tambayar me za a kira jagorar da ake yi wa ɗalibai wajen zaɓen abin yi, wannan zare ne na daban. A yanzu "shawarar zaɓen sana'a" na rubuta da fensir.

Jiya na koma ajin na rubuta sabon sunan a allo. Darasin ranar shi ne yadda ake kai rahoton kuskure cikin jimla uku: ga abin da ya faru, ga abin da na riga na yi, ga abin da nake bukata daga wurinka. Na haɗa su biyu-biyu, ɗaya shugaba ɗaya ma'aikaci. Yarinyar layi na biyu ta tashi, ta fara, ta sarƙe a jimla ta biyu, ta rufe fuska da littafi. Da ta sauke shi sai ta dubi allon ta ce, "Malam, ban iya ba tukuna. A sake ba ni dama." Ta sake sau biyu, a na ukun ta kai ƙarshe, saurayin nan mai gyaran waya ya ɗaga hannuwansa sama yana karkaɗa mata su.