Faifan ya yi faƙo: sunan da muka samo wa "secteur défectueux"

1/
Salamu alaikum. Mako uku ke nan muna ja-in-ja a ƙungiyarmu ta unguwa nan Garwa a kan kalma guda. Da Faransanci ana ce mata secteur défectueux, masu Ingilishi na cewa bad sector, wato ɗan wurin da ya daina riƙe bayani a faifan ajiyar kwamfuta, mu kuwa ba mu da abin faɗa sai "ya lalace". Ga inda muka tsaya. Wanda yake da wadda ta fi tamu ya fito da ita.

2/
Muna da wata tsohuwar kwamfuta a shagon ƙungiya, Debian ke kanta, wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ba ma kashe ta sai in wuta ta kashe mana. A cikinta akwai lissafin adashen mata, da hotunan takardun haihuwar yaran unguwa, da tsoffin tambayoyin jarrabawar BEPC, da tafsirin azumi na shekaru da muka naɗa. Mu huɗu ke kula da ita, babu mai karɓar ko dala.

Ranar wata Asabar cikin Afrilu, zafin nan da ke haura digiri 40, Hajiyar da ke riƙe da adashe ta zo shigar da zubi. Littafin ya buɗe, ta rubuta, ya ƙi ajiyewa. Na kara kunne jikin akwatin na ji wani ɗan ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake. Na buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin da kwamfutar ke rubutawa game da na'urorinta, sai ga layi kan layi na kuskuren karatu, duk a lamba guda. Linux ya riga ya mayar da faifan "karanta kawai", abin da yakan yi ke nan in ya ga matsala, don kada a ƙara ɓarna.

3/
Hajiya ta ce, "Ɗana, lissafin mutane yana nan ko ba ya nan?"
Na ce, "Hajiya, diskidur ɗin ne ya yi sektar defektiwe."
Ta dube ni ta saman tabarau. "Yi mini Hausa."
Na buɗe baki na rufe. Shekara nawa ina taɓa waɗannan na'urori, na kasa.

4/
Sai na ɗan faɗi mene ne abin, in ba haka ba gardamar ba za ta yi muku ma'ana ba. A cikin diskidur, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, akwai faifai na gaske, mai sheƙi kamar madubi, yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti. Saman sa akwai wata 'yar allura da ba ta taɓa shi, iska ce ke ɗauke da ita, tazarar da ke tsakaninsu ta fi kaurin gashin kai ƙanƙanta sau dubbai. An tsaga fuskar faifan zobe-zobe, kowane zobe an yanka shi gida-gida. Kowane gida na cin bayit 512, a sababbin faifai 4096. Faifan terabayit 1 yana da irin waɗancan ƙananan gidaje kusan biliyan 2.

Zoben ba mu sha wahala da shi ba, kunya muka ce, irin ta gona. Gidan kuma gurbi, kamar gurbin dara ko na shuka. Faifai ma tun zamanin garmaho Hausa ta gama da shi. Rigimar duk a kan gurbin da ya daina riƙe abin da aka zuba masa ce.

5/
"Ya ƙone" ta fara zuwa, don kowane abu mai wuta in ya tsaya haka muke ce masa. Ban ba ta ko minti biyu ba. Abin da ya ƙone bola ake kai shi, alhali faifanmu kusan duk abin da ke kansa lafiya lau yake.

Wani ƙanena ya ce tabo. Tana da daɗin faɗa, amma mutanenmu sun saba goge tabon faifan CD da gefen riga. Na taɓa ganin wanda ya kwance diskidur da sukurdireba wai zai hure ƙura. Daga ranar da aka buɗe murfin nan a ɗaki irin namu, an gama da shi.

6/
Wadda ta kusa cin zaɓe ita ce "cin gara". Malamin makarantar da ke cikinmu ya kawo ta, kuma ya kare ta da kyau: gara ba ta sallama, tana ci ta ciki, sai ka taɓa azara ka ji ta rufta, kuma in ta kama nan gobe tana can. Duk haka abin yake. Har na fara rubuta ta a littafin aiki.

Abin da ya raba ni da ita, kwana biyu bayan haka wani daga cikinmu ya ce ai tunda gara ce, a sa antibiris ya bi faifan kaf ya kashe ta. Gabana ya faɗi. Faifan da ke ciwo, babu abin da ke saurin ƙarasa shi kamar a sa allurarsa ta yini tana bin kowane gurbi, tana komawa kan marar lafiyan sau ba adadi. Kalmar ta sa masa hoton wani abu mai rai da ya shigo daga waje. Babu abin da ya shigo. Fuskar faifan ce ta gaji. Duk kalmar da za ta tura mutum ya yi abin da zai kashe faifan, ko ta fi zuma daɗi ba na so.

7/
Gyambo ma an ambata, wata ma'aikaciyar jinya ce ta kawo ta. Yana faɗaɗa, gaskiya ne. Amma mai jin gyambo magani zai nema, ya ci gaba da taka ƙafar.

8/
Baffanmu mai gona wajen Pitowa ba ya taɓa kwamfuta, shayi ke kawo shi shagon. Yana jin ina maimaita zancen kunya da gurbi sai ya ajiye kofi ya ce, "Yaro, wannan ai faƙo kake faɗa."

Wanda ya tashi a birni ƙila bai san faƙo ba. Wuri ne a tsakiyar gona inda ƙasa ta daskare ta yi sulɓi, ruwa ya sauka ya wuce bai shiga ba, ka zuba iri ka dawo ka tarar ba komai. Gonar tana nan, gero na tsaye kewaye da shi, wurin ne kawai ya daina karɓa. Abokanmu Fulani suka ce su harde suke ce masa, mai zuwa Marwa ya sha ganin filayensa fari fat a gefen hanya. Kalmar ta shiga kunnen kowa a take, har waɗanda Hausarsu ta kasuwa ce.

9/
Malamin makaranta bai saki ba. Ya ce, "Baffa, ai faƙo yana farfaɗowa, a sassare shi a zuba taki." Baffa ya ce wani yana yi, wani kuwa in ka sara marmara za ka tarar a ƙasa, sai dai ka karya gatari.

Nan na san mun samu, don faifai ma kashi biyun nan yake. Akwai gurbin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a kansa, rubutun ya fita rabi, faifan ya kasa karanta shi. Wannan in aka sake rubutu a kansa yakan dawo daidai. Irinsa muna samu da yawa da rani, lokacin da ruwan Lagdo ya ja baya ana yawan ɗauke wuta, ga batirin ondilarmu, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ya daɗe da mutuwa muna ta cewa sai wata mai zuwa. Akwai kuma wanda fuskar faifan ce da kanta ta kankare. Wannan ba ya dawowa. Faifan yana da gurabe na ajiya, sai ya yi wa mataccen shinge ya mayar da aikinsa can ba tare da ya gaya wa kowa ba. Na farko faƙo, na biyu faƙon marmara. Ban san wata kalma cikin waɗanda aka kawo da ta ɗauki wannan bambanci ba.

10/
Ga masu hannu a aikin: faifan yana riƙe da lissafin lafiyarsa, shi ne S.M.A.R.T., ana karanta shi da smartctl. Layi na 5 yana ƙirga gurabe da aka riga aka yi wa shinge. Layi na 197 waɗanda ake shakka a kansu, ba a yanke musu hukunci ba. Layi na 194 zafi ne. Namu ya wuce 50 ranar, ƙurar hunturu ta toshe fanka kamar an cusa auduga, ga shi galibin faifai iyakarsu 60. Lamba guda a layi na 5 ba ta hana ni barci. In na duba yau na duba jibi na ga ta motsa, faƙon na cin gona, a fara kwashe kaya.

Kuma kwashewa ake fara yi, ba gyara ba. Kada a sa fsck, manhajar gyara, a kan faifai mai ciwo. Mu ddrescue muka sa ya kwafe shi zuwa wani sabo: yana ɗebe masu lafiya tukuna, ya tsallake faƙon, sai daga baya ya dawo yana lallaɓa shi. Yana kuma rubuta inda ya tsaya, shi ya cece mu da wuta ta ɗauke sau biyu ana cikin aikin. A kan kwafin muka yi gyara.

11/
Wani abin kunya, tunda gaskiya muke faɗa. Faifai biyu ne a akwatin, an haɗa su RAID 1, kowanne madubin ɗan'uwansa. Ashe na biyun ya faɗi tun watanni, saƙon gargaɗin yana tafiya ga ɗan'uwanmu da ya koma Yawunde. Da faifai guda muke tafiya muna alfahari da biyu.

12/
Lissafin adashe ya fito cif. Tafsirin dare biyu ne suka tafi, sun faɗa daidai kan marmara.

Da Hajiya ta dawo na ce mata, "Hajiya, faifan ne ya yi faƙo, mun kwashe amfanin mun kai sabuwar gona." Ba ta nemi ƙarin bayani ba. Tambaya guda ta yi: waccan tsohuwar gonar, ba dai za ku sake shuka kuɗin mutane a ciki ba? Na ce a'a, tana cikin durowa, an rubuta mata FAƘO da jan alƙalami.

13/
'Yan Marwa, Ngaundare, Kusiri da Injamena, ku gwada ta a kan iyayenmu ku gaya mini ko ta shiga. Musamman na Injamena, inda Larabci ya fi yawa a baki, ina so in ji ko faƙo sananniya ce a Hausarku ko akwai abin da kuke ce wa irin wannan ƙasa. Kalmar sauvegarde, wato ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam, ce ke gabanmu yanzu. Baffa ya ce "iri", wai manomi ba ya ajiye irinsa a rumbun da yake ci. Malamin makaranta ya ce bai yarda ba, Asabar zai zo da tasa.