Wasan tsofaffin 'yan hip hop kai tsaye: me ya sa wani ke jin kowace kalma, wani kuma hayaniya kawai?

Auta

Salamu alaikum. Tambayata ga yayyena ce, waɗanda suka saba halartar wasan tsofaffin ƙungiyoyin gambarar zamani irin su The Roots, Wu-Tang Clan, Public Enemy, Cypress Hill da De La Soul. Sai ka ga mutum biyu sun shiga zaure ɗaya a dare ɗaya, wannan ya fito yana cewa bai taɓa jin irinsa ba, wancan yana cewa hayaniya kawai ya saya da kuɗinsa, ko kalma ɗaya bai tsinta ba. Daga ina bambancin yake? Kowa ya kawo abin da ya lura da shi, don mai zuwa karon farko ya san inda zai sa ƙafa.

Injiniya

Wa alaikumus salam, Auta. Fara da inda ka tsaya. Da ka shiga, nemi teburin haɗa sauti. Yawanci yana tsakiyar fili, an kewaye shi da shingen ƙarfe, yana fuskantar dandamali. Mutumin da ke wurin da kunnensa yake auna komai, kuma daga inda yake tsaye yake aunawa. Ka tsaya taku biyar zuwa goma a gabansa ko a gefensa, abin da yake ji shi za ka ji.

Wurin da ya fi cutar mutane shi ne wanda ake rububinsa, wato layin gaba, jikin shinge. Manyan lasifikun da ke ɗauke da murya a rataye suke can sama, hagu da dama, kuma an saita su ne su harba sauti ta saman kan 'yan gaba. Waɗanda ke jibge a ƙasa gabanka na bes ne zalla, wato sauti mai kauri da gurnani. Sai ka ji ƙirjinka yana rawa, kana kallon bakin mawaƙi yana motsi, amma kalmomin sun bi ta kanka sun wuce. Akan jera ƙananan lasifiku a bakin dandamali don cike wannan giɓi, sai dai ba kullum suke iya ja da bes ba. Jikin bangon baya da lunguna su ma a guje su, domin can bes yake taruwa, ya dawo ya yi karo da mai zuwa, komai ya cakuɗe. Haka ƙarƙashin bene: rufin yana tare siraran sautuka irin na "s" da "t" da "k", alhali su ne ke raba kalma da 'yar'uwarta.

A wani kiɗan ko ba ka ji kalma ba jita za ta ɗauke ka. A nan kalmar ce hajar da ka je saye.

Mai Faifai

Gaskiya ne, Injiniya, amma kafin a ɗora wa zaure laifi a fara sanin wane irin wasa aka je gani. Mafi yawan waɗannan ƙungiyoyi DJ ne ƙashin bayansu: na'urar juya faifai biyu, miksa mai haɗa sautinsu a tsakiya, sai makirufo. Na'urar da aka fi yarda da ita har gobe ita ce Technics SL-1200, musamman samfurin MK2 da ya fito a 1979. Yanzu faifan da ke kanta galibi ba waƙa ce a cikinsa ba, sigina ce da manhajar Serato ke karantawa a kwamfuta, amma allura da hannu suna nan yadda aka san su.

To ga inda ake samun tangarɗa. Bes yana girgiza katakon dandamali, mawaƙa suna tsalle a kansa, girgizar ta hau ƙafar tebur ta isa allura. Ko dai allurar ta yi tsalle kiɗa ya ɓalle a tsakiyar baiti, ko ta ɗebi gurnanin ta mayar cikin lasifika ya riƙa kumbura. Shi ya sa za ka ga an ɗora na'urorin a kan falan kankare mai nauyi da soso a ƙarƙashinsa, an kuma saita manhajar ta yi biris da tsallen allura. Idan ka ga DJ yana ɗaga hannu yana korar mawaƙa daga kusa da teburinsa, ba girman kai ba ne.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne me DJ ɗin yake sakawa. Wani kiɗa ne tsura, babu murya ko ɗaya. Wani kiɗa ne da aka bar amshi da 'yan kalmomin ƙarshen layi a ciki, wannan ba laifi, kusan kowa yana yi. Na ukun shi ne ha'inci: a saka waƙar yadda take a faifai, da muryar da komai, mawaƙi ya riƙa ihu a kanta. Gane shi ba wuya. Ka zuba wa makirufo ido. Idan ya bar bakin mutum amma baiti bai tsaya ba, to faifai kake saurare. Kuma a wurin tsofaffi asirin ya fi saurin tonuwa, don muryar da ke faifai ta ɗan shekara ashirin da biyar ce, wadda ke dandamali ta haura hamsin. Biyun ba sa faɗuwa a daƙiƙa ɗaya, sai kalmomi su dushe. A yi musu adalci, mafi yawan 'yan zamanin 1980 da 1990 abin kunya suke ɗaukar wannan, domin a dandamali suka yi suna kafin rediyo ya san su.

Yaya Mai Ganga

Ku bar ni da ɗaya irin, na makaɗa a tsaye. The Roots su ne ma'auni. Mai ganga Questlove da mawaƙi Black Thought sun kafa ta a Filadelfiya a 1987 suna 'yan makarantar sakandare, kuma tun 2009 su ne makaɗan shirin talabijin na Jimmy Fallon, wato shekara da shekaru suna kiɗa tare kusan kowace ranar aiki. Wannan ake ji a dandamali. Ba sa tsayawa tsakanin waƙa da waƙa a yi tafi. Ɗinke su suke yi, wannan ta zarce cikin waccan, su ratsa ta kiɗan wasu su dawo, Questlove yana juya akalar daga bayan ganguna. Mai jiran a yi shiru ya fita shan iska zai daɗe.

Abu biyu za ka lura da su. Ƙaramar gangar Questlove a ɗaure take tamau, bugunta busasshe ne, gajere, kamar na injin kiɗa, don haka ba ta cinye wurin murya. Sannan baya ga jitar bes akwai ƙaton ƙahon nan da ake ratayawa a jiki, sosafon, wanda Damon Bryson ke busawa yana zagaye dandamali. Amonsa yana da numfashi a ciki, ba kamar bes ɗin injin kiɗa na 808 da ke danne ƙirji ba.

Amma kada a ɗauka duk ƙungiyar da ta jero makaɗa ta fi mai DJ. Kiɗan shekarun 1990 daga gutsattsarin tsofaffin faya-fayai aka haɗa shi, da ƙurarsa da karcewarsa, kuma wannan dattin shi ne daɗinsa. Idan aka ɗauko makaɗan haya suka buga shi tsaf-tsaf, sai ya fito fes amma babu rai, ga mai ganga yana ƙara sauri idan jini ya hau. Yawancin waɗannan waƙoƙi tsakanin bugu 85 zuwa 100 suke a minti. A ƙara biyar kawai, mawaƙi ya fara haɗiye kalmomi. Waɗanda suka iya sukan haɗa biyun ne. Cypress Hill suna da DJ, ga kuma Eric Bobo a kan gangunan hannu yana ƙara wa kiɗan nama ba tare da ya sauya shi ba. Su ne ma suka yi wasa da ƙungiyar makaɗa ta London Symphony Orchestra a zauren Royal Albert Hall na Landan a watan Yulin 2024.

Injiniya

Yaya ya taɓo murya, bari in ƙarasa. Babban abokin gabanmu shi ne riƙon makirufo. Dubi makirufon Shure SM58 ko ɗan'uwansa mara waya: kan nan mai raga ba ado ba ne. Akwai ƙofofi ta bayansa da ke sa ya ji abin da ke gabansa ya ƙi na baya. Idan mawaƙi ya dunƙule hannu ya rufe kan, ya toshe ƙofofin, makirufo ya koma jin kowane ɓangare. Murya ta zama kamar daga cikin tulu, ga shi yana ɗibar sautin lasifikar da ke gaban mawaƙin, sai kukan lasifika ya tashi. Mai haɗa sauti ba shi da zaɓi sai ya rage, kai kuma a fili ka ce ba a jin murya.

Sai lissafin yawa. Duk lokacin da makirufon da ke buɗe suka ninka, ana asarar desibel 3 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) daga ƙarfin da za a iya bayarwa kafin kuka. Daga ɗaya zuwa takwas an yi asarar 9. Yanzu ka ɗauki Wu-Tang Clan, mutum tara ko fiye a dandamali, kowa da nasa a hannu, kowa yana taya mai baiti. Daren da suka yi wa juna ladabi, mai baiti ya fito gaba sauran su sauke hannu sai a ƙarshen layi, babu abin da ya kai shi. Daren da kowa ya ce sai an ji shi, ko wane gwani ne a tebur sai dai ya bi su da yatsa yana buɗe wannan yana rufe wancan.

Anti Babba

Ƙanina Auta, ni shekaru zan yi maka magana a kai, don mutane suna mantawa. Dubi 'yan Public Enemy: an haifi Chuck D a 1960, Flavor Flav a 1959. Baiti mai layi goma sha shida babu inda aka bar wa numfashi wuri a cikinsa, saboda a sutudiyo gunduwa-gunduwa ake ɗauka a haɗa. A dandamali dole a nemo wurin. Aikin ɗan ma'abba ke nan: ya cafe kalma biyu ko uku na ƙarshen layi, mai baiti ya ja iska, ya dawo kan bugu. Idan sun saba da juna ba za ka ga ɗinkin ba. Idan ɗan ma'abban ya wuce gona da iri yana bin kowace kalma, shi ne hayaniyar da wancan mutumin ya ce ya saya. Black Thought na cikin 'yan ƙalilan da ke iya tafiya mai nisa ba mataimaki. Wanda ya ga baitin nan na kusan minti goma da ya zuba a gidan rediyon Hot 97 a Disambar 2017 ya san abin da nake nufi.

Kuma kada ka je da tsammanin jin waƙa daga farko har ƙarshe. Mai kundi goma ba zai iya ba a minti 75 zuwa 90, balle a bikin da ake ba kowa minti 45 ko awa ɗaya. Baiti ɗaya, amshi, DJ ya yanke, a shiga ta gaba.

Mai Faifai

Anti, wannan yankan ni yana ci mini rai. Waƙar da aka yi da baƙo a yanke ta, na yarda, tunda baƙon ba ya nan. Amma ka ga an datse wadda duk masu ita suna tsaye, don a samu lokacin raba fili biyu a ga ɓangaren da ya fi ihu? Sau ɗaya ya isa. Idan aka yi sau huɗu, hutu ake nema.

Anti Babba

Hutun ma ai hakkinsu ne, Malam, gwiwa ba ta ƙarya. Abin da ya kamata Auta ya bincika kafin ya sayi tikiti shi ne su wa za su hau. Sunan ƙungiya a allo ba ya nufin kowa zai zo, musamman mai mutane da yawa da kowa ke da harkarsa. Wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya, kuma kowace ƙungiya da yadda take yi da baitinsu. Ol' Dirty Bastard ya rasu a 2004, ɗansa ne ke hawa ya yi nasa a wasannin Wu-Tang. Phife Dawg ya rasu a 2016, kuma a wasanninsu na ƙarshe a 2017 A Tribe Called Quest muryarsa da aka naɗa suka riƙa sakawa idan an zo gurbinsa. De La Soul sun ci gaba su biyu bayan rasuwar Trugoy a Fabrairun 2023. Beastie Boys kuwa tun da MCA ya rasu a 2012 ba su sake hawa da sunan ba. A irin wannan gurbi ne kaɗai saka muryar faifai ba ha'inci ba ne, kuma galibi jama'a ne ke rera baitin gaba ɗaya har su danne lasifika.

Likitan Kunne

A taƙaice: ku tafi da abin toshe kunne. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 saura minti 15. Irin waɗannan wasanni a nan suke yawo, kusa da lasifika ma sun fi haka. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a wuraren kiɗa ya wuce 100 a cikin minti 15.

Na soso mai arha yana kare kunne, amma siraran sautuka ya fi kashewa, wato kalmomin da kuka zo ji. Ku nemi na makaɗa mai tacewa, wanda ke rage 15 zuwa 20 kusan daidai a ko'ina. Da shi sau da yawa murya ta fi fitowa, saboda kunnen da ƙara ta yi wa yawa shi kansa yana murguɗa sauti. A saka tun kafin masu buɗe fage su fara, ba sai kunne ya soma ƙugi ba. Idan ƙugin ya wuce kwana ɗaya ko biyu, ko ji ya ragu farat ɗaya a kunne guda, a ga likita ba tare da jinkiri ba.

Auta

Na gode ƙwarai, yayyena. Saura ɗaya, Injiniya: idan a buɗaɗɗen fili ne, kuma mutum ya makara bai kai teburin ba?

Injiniya

To nemi hasumiyar lasifiku ta biyu, wadda ake kafawa can tsakiyar jama'a. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka akan jinkirta na hasumiyar ya jira wanda ke tahowa daga dandamali su isa kunne tare. Wannan lissafi yana aiki ne ga wanda hasumiyar ke fuskanta. Ka wuce ta da mita goma zuwa sha biyar ta ɓangaren da ke nesa da dandamali, ka juyo tana kallonka. Idan ka tsaya dab da gindinta ko a bayan lasifikunta, kowace kalma sau biyu za ka ji ta. Kuma ka lura da iska: idan tana kaɗawa daga gefe, murya za ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, sai ka matsa kusa da lasifikar har ta daidaita.