Sabon monita yana nuna launuka a koɗe: in mayar da shi ko in riƙe?

Mai_Zane:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, domin lokaci ya ƙure mini. Na sayi sabon monita mai inci 27 don in riƙa haɗa shi da laftof ɗina, wanda yake aiki da Windows 11, katin hotonsa kuma na Intel ne. Ta kafar HDMI nake haɗa su, kuma ita kaɗai ce kafar fitar da hoto a jikin laftof ɗin. Tun ranar farko launukan suka fito a koɗe kamar tufar da ta sha wanki da rana: baƙi ba ya cika baƙi, sai toka-toka, fari kuma kamar ƙura ta hau shi. Na riga na canza kebul har sau biyu, babu abin da ya sauya. Na kuma lura cewa idan na buɗe ɗan akwatin saiti na monitan kansa, launukansa suna fita tas. Kwana huɗu suka rage mini a wa'adin mayar da kaya. Shin in mayar da shi tun wa'adin bai cika ba, ko akwai abin da zan gyara a cikin kwamfutar? Zane ne sana'ata, don haka ba zan iya haƙura da launin da bai yi daidai ba.

Abu_Yusra:
Wa alaikumus salam. Malam, ka canza kebul. Yawancin irin wannan matsala daga kebul take, kuma ka nemi mai tsada wanda kansa yake da ruwan zinare, domin masu araha ba sa ɗaukar launi yadda ya kamata.

Baban_Khalil:
Ɗan'uwa, ko me za ka yi, kada ka kai shi wurin mai gyara. Ni ganau ne, ba jiyau ba. Shekarun baya monitana ya wayi gari yana nuna komai da ruwan hoda, tun daga fuskar mutane har farar takarda. Na ɗauke shi na kai wa wani mai gyara, ya kunna bai fi minti biyu ba ya ce allon lantarkin da ke cikinsa ne ya ƙone. Na biya aka canza, na dawo gida na haɗa, ruwan hodar nan yana nan daram. Na koma, sai ya ce ashe gilashin ne da kansa ya lalace, in bar masa shi. Mako uku monitan yana hannunsa, kullum gobe, kullum jibi, aikin da na karɓa na shirya wa wasu mutane kuwa ya kuɓuce mini saboda jinkiri. Da ya dawo mini da shi, sai ga wani siririn layi ya ratsa allon daga sama har ƙasa, wanda babu shi a da, kuma ya rantse cewa haka na kawo shi.

Ƙarshen labarin shi ne abin da har yau nake jin zafinsa. Wani yaro ɗan maƙwabcina ya cire kebul ɗin VGA ya duba bakinsa, ya nuna mini cewa ɗaya daga cikin ƙananan allurai 15 da ke ciki ta lanƙwashe. Ta biyu ce a layin farko, wadda take ɗauke da kore. Idan kore ya yanke, ja da shuɗi kaɗai suke isa allon, shi ya sa komai ya koma ruwan hoda. Da tsinken allura ya miƙe ta, launi ya dawo nan take, amma layin da mai gyara ya bar mini bai tafi ba har na rabu da monitan. Ka duba allurar kebul ɗinka kafin komai.

Injiniya_B:
Allah ya ba da haƙuri, Baban Khalil, amma mai tambaya ya ce HDMI yake amfani da shi, kuma ya ce ya canza kebul sau biyu. VGA tsohon tsari ne tun 1987, kowane launi da tasa allurar, shi ya sa lanƙwashewar guda ɗaya take cire launi ɗaya. Abin da Mai Zane ya bayyana kuwa daban ne, kuma alamarsa sananniya ce. A tsarin kwamfuta kowane launi yana da matakai 256, daga 0 wanda shi ne baƙi ƙirin zuwa 255 wanda shi ne cikakken haske. Tsarin talabijin kuma yana amfani da 16 zuwa 235 kawai. Sau da yawa idan aka haɗa ta HDMI, katin hoto yana ɗaukar monitan a matsayin talabijin, sai ya aika masa da taƙaitaccen zango, monitan kuwa yana jiran cikakke. Sakamakon shi ne baƙin da aka aiko a mataki na 16 ya fito toka-toka, farin da ya tsaya a 235 ya fito a dusashe.

Malam, ka buɗe manhajar sarrafa hoto ta Intel, ka zaɓi monitan na waje, ka nemi saitin zangon launi, ka ɗauke shi daga Limited (taƙaitacce) ka mayar Full (cikakke). Masu katin NVIDIA suna samunsa a shafin canza girman hoto, masu AMD kuma a wurin zaɓar tsarin ɗigon hoto. Ka kuma tabbatar HDR, wato saitin da yake faɗaɗa tazarar haske da duhu a hoto, ba a kunne yake ba, domin shi ma yana koɗar da launi a monitan da ba shi da ƙarfin haske. Tunda akwatin saitin monitan yana fita da kyau, gilashin lafiyarsa ƙalau, kada ka yi gaggawar mayarwa.

Ɗan_Barkwanci:
Kafin a kai ga injiniyanci, Malam ya fara goge tabaransa. Ni na taɓa yin mako guda ina zagin monitana a kan ya koma ruwan ɗorawa, ashe ni ne na kunna hasken dare na Windows na manta, na kuma saita shi ya riƙa aiki dare da rana. Har yau ban nemi gafarar monitan ba.

Usta_Mai_Gyara:
Ban so in sa baki ba, amma maganar Baban Khalil ta yi mana kuɗin goro. Shekara ashirin ina wannan aiki, kuma mai gyaran kirki ba ya buɗe monita sai ya gwada shi da wani kebul da wata kwamfutar. Wanda ka haɗu da shi ɗan koyo ne ko maci amana, ba dukkanmu ba. Shi kuma Injiniya, da girmamawa, abin da ya faɗa a littafi daidai ne, amma a kan teburin gyara na sha ganin kebul ɗin HDMI mara kyau ya mayar da allo ruwan hoda ko kore. Ba allura ce take yankewa ba. Bayanin da monita yake aika wa kwamfuta game da kansa ne yake zuwa a gurɓace, sai kwamfutar ta aika launi da tsarin bidiyo mai suna YCbCr alhali monitan yana fassara shi a matsayin RGB, wato tsarin ja da kore da shuɗi. Wanda bai taɓa riƙe sukundireba ba, shi ne zai ce hakan ba ya faruwa.

Injiniya_B:
Usta, ban ce ba ya faruwa ba. Abin da ka bayyana gaskiya ne, bayanin da kake nufi shi ake kira EDID, kuma masu kwamfutar Mac sun fi kowa sanin wannan ruwan hodar. Amma mai tambaya bai ce launi ya rine ba, ya ce ya koɗe, kuma waɗannan cututtuka biyu ne mabambanta. Riƙe sukundireba ba ya hana mutum karanta tambaya har ƙarshe. Game da kebul mai ruwan zinare da Abu Yusra ya ambata kuma, siginar dijital ko ta isa ko ba ta isa ba. Idan kebul ya gaza, ɗigo-ɗigon haske ake gani ko hoto ya riƙa ɗaukewa, ba ya rage kaifin ja ko zurfin baƙi. Mafi araha ma yana yin aikin muddin yana ɗaukar girman hoton da ake so.

Abu_Yusra:
Ni dai abin da na gani da idona na faɗa. Na saka mai araha hoto ya yi muni, na saka mai tsada ya gyaru.

Baban_Khalil:
Usta, haka shi ma wancan ya ce mini, wai shekara ashirin yana aikin. Ban da abin cewa sai dai Allah ya isa.

Maman_Ilham:
Ni mai ɗaukar hoto ce, kuma akwai tambayar da babu wanda ya yi wa Mai Zane. Malam, da me kake auna daidaiton launin? Idan da allon laftof ɗinka kake kwatantawa, wa ya ce shi ne mai gaskiya? Laftof masu sauƙin kuɗi da yawa ba sa nuna ko kashi biyu cikin uku na launukan ma'aunin sRGB, wanda shi ne ma'aunin da intanet da yawancin manhajoji suke bi tun da HP da Microsoft suka fitar da shi a 1996. Na yi shekara biyu ina gyara hotuna a kan allon da farinsa ya karkata zuwa shuɗi ban sani ba, ina ta ƙara wa fuskoki ɗumi don su yi daidai a idona, sai hotunan su fito daga wurin bugawa kowa ya yi jajir kamar mai zazzaɓi. Ido yana sabawa da ƙarya cikin 'yan mintuna. Abin da ya raba ni da wannan shi ne na'urar auna launi, wadda ake ratayawa a fuskar allo ta auna abin da yake fitarwa, ta daidaita fari a 6500K, wato fari irin na hasken rana, ta kuma rubuta wa kwamfuta fayil ɗin launi, wanda ake kira ICC, na wannan allon shi kaɗai. Mai sana'ar zane bai kamata ya rasa ta ba, kuma kuɗinta bai kai rabin na monita ba.

Abu_Yusra:
Hajiya, wace irin na'ura kika saya haka? Wadda na taɓa tambaya ta fi monitana tsada nesa ba kusa ba.

Usta_Mai_Gyara:
Ku duka kuna iya yin gaskiya, ya danganta da monitan da kowa yake magana a kai. Amma na'urar ba za ta gyara zangon da aka aiko a taƙaice ba, sai an fara da abin da Injiniya ya faɗa. A nan kam na yarda da shi.

Mai_Zane:
Na gode muku ƙwarai. Na bi shawarar Injiniya, na sami saitin bayan dogon nema, na mayar da shi Full, baƙi kuwa ya dawo baƙi sosai. Sai dai abubuwa biyu sun taso. Na farko, da kwamfutar ta yi barci ta farka sai na tarar launin ya koma yadda yake, sai da na sake saitawa. Na biyu, yanzu ja da kore sun yi kaifi fiye da kima, har tambarin da nake zanawa yake kamar yana ƙuna, alhali a laftof da wayar hannuna ba haka yake ba. Kwana uku suka rage. Har yanzu ban san ko in mayar ba.

Maman_Ilham:
Wannan kaifin alama ce ta monita mai faɗin launi, irin masu ɗaukar ma'aunin launi na DCI-P3, wanda ya fi sRGB faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Manhajar da ba ta kula da fayil ɗin launi tana miƙa masa lambobin sRGB, shi kuma ya baje su a kan nasa faɗin, sai komai ya wuce gona da iri. Ka duba akwatin saitinsa ko akwai yanayin sRGB, ka kunna. Sai dai ka sani cewa wasu monitocin suna kulle saitin haske idan aka shiga wannan yanayi, abin da ni ban taɓa gane hikimarsa ba.

Ɗan_Barkwanci:
Da farko launi ya yi kaɗan, yanzu ya yi yawa. Malam, ka mayar da saitin rabi da rabi kowa ya huta.

Injiniya_B:
Komawar saitin bayan barci yawanci daga direban katin hoto ne, wato manhajar da take tafiyar da katin, ka sabunta shi. Da a ce laftof ɗin yana da kafar DisplayPort, ko kafar USB-C mai fitar da hoto, da na ce ka koma can, domin ta nan kwamfuta ba ta cika ɗaukar monita a matsayin talabijin ba.

Abu_Yusra:
Kada ma a tayar mini da maganar USB-C. Na sayi adafta don in haɗa monita ta wannan kafar, na yi kwana biyu ina fama, ashe kafar laftof ɗina caji da fayil kawai take ɗauka, ba ta fitar da hoto ko kaɗan. Kafofin kamarsu ɗaya, babu rubutu, babu alama, sai mutum ya saya ya gwada sannan ya sani.

Usta_Mai_Gyara:
Wannan ita ce ainihin cutar, kuma mu ake zagi a kanta. HDMI 1.4 yana ɗaukar hoto mai girman 4K sau 30 a daƙiƙa, 2.0 yana kai 60, amma bakin kebul ɗin iri ɗaya ne, kafar ma iri ɗaya. Idan hanya ta yi ƙunci, na'urar tana rage bayanin launi a ɓoye don hoton ya wuce, sai ka ga jan rubutu a kan baƙi ya yi gefe-gefe kamar an jiƙa shi, mai kaya kuma ya zo ya ce monita ya lalace. Ko lambar 2.1 da ake bugawa a kwali ba ta tabbatar da cewa na'urar tana yin duk abin da 2.1 yake iya yi.

Baban_Khalil:
Su masu sayarwar fa? Lokacin da na koma da nawa ina neman haƙƙina na garanti, cewa aka yi tunda an taɓa buɗe shi babu ruwansu. Wanda ya buɗe ya ce ba shi ba ne, wanda ya sayar ya ce ba shi ba ne.

Maman_Ilham:
Nawa monitan ma da ɗigo biyu matattu ya zo, wato ɗigon allo da ba sa yin haske, aka ce mini adadin bai kai wanda ake karɓar kaya a kansa ba, kuma ba a rubuta wannan sharaɗin a ko'ina a jikin kwalin ba. Akwai wanda ya taɓa yin nasarar mayar da monita saboda matattun ɗigo? Ina son in ji yadda ya yi.