Yearbook: me za mu ce masa da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Jiya ina cikin fassara sai na yi karo da kalmar yearbook, na tsaya cak. Ba wanda ɗalibai ke bugawa da hotunansu lokacin yaye su nake nufi ba. Ina nufin jibgegen littafin nan da ke fitowa duk shekara ya tattaro abin da ya faru a duniya bara: zaɓe, juyin mulki, yaƙi, wasanni, alƙaluman ƙasashe, da tarihin manyan da suka riga mu gidan gaskiya. Irin su Annual Register na Ingila, da ya fara da labarin shekarar 1758 Edmund Burke na editansa, ko Britannica Book of the Year da ya riƙa fitowa daga 1938 har 2018. Daily Times ta Legas ma ta daɗe tana buga Nigeria Year Book.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "littafin shekara". Amma ku faɗe shi da ƙarfi ku ji. Kunnen Bahaushe ya saba da gwarzon shekara, sai ya zaci littafin da ya ci gasa ake nufi.

Wani ya ce almanak. A Turance da gaskiyarsa, Whitaker's Almanack da aka fara a 1868 ɗan wannan dangi ne. Sai dai a wajenmu almanak takardar nan ce ta bango mai hotunan sarakuna da gwamnoni, wadda ke shan ƙura a shagon tela. "Rahoton shekara" kuwa na bankuna da ma'aikatu ne.

Wani malaminmu ya kawo "hauliyya", daga haulin da muka sani a babin zakka, wato cikar shekara. Malam, Allah ya ƙara ilimi, kalmar ta yi daɗi, to amma in ba almajirin littafi ba wa zai gane ta?

Ni dai na karkata ga "kundin waiwayen shekara", kuma ga dalilina. Muna sakandare aka ba mu aikin gida kan samun 'yancin Najeriya. Na shiga laburare na sauko da Britannica mai 1960 a gadon bayansa, na yi ta buɗawa har aka kaɗa ƙararrawa, ko ƙyallin bikin 1 ga Oktoba ban gani ba. Ashe labarin yana cikin na 1961, na kusa da shi a kanta. Shekarar da ke jikin bango ta bugawa ce, abin da ke ciki na bara ne. Da an ce mini waiwaye littafin yake yi, da ban sha wannan wahala ba. Shi kuma kundi, tun na malaman zaure, abin da ake tarawa a adana ne a riƙa komawa kansa, ba wanda ake karantawa daga farko zuwa ƙarshe ba.

Na san za a ce ya yi tsawo. A ambaton farko a rubuta shi cikakke, daga nan "kundin shekara" ya wadatar, jam'insa kundayen shekara. Na gwada a jimla: "Duba kundin shekara na 1961, za ka ga labarin samun 'yancin Najeriya." Bai yi mini nauyi a harshe ba.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka yi boko da Faransanci kuna ce masa annuaire, kalmar da har littafin lambobin waya take ɗauka. In kuka ji "kundin shekara" a rediyo, me zai fara zo muku a rai?