Wane wata ne ya fi dacewa da ziyarar tsibiran arewacin Turai?

Baban Yara:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsibiran ƙasashen arewacin Turai. Ni da maiɗakina da 'ya'yanmu biyu da ke makarantar sakandare muna shirin tafiya hutu, kuma hankalinmu ya rabu tsakanin Lofoten na ƙasar Norwe, da tsibiran Faro, da Gotland na Suwedan. Babban burin maiɗakina shi ne ta ga koren hasken nan da ke rawa a sararin samaniya da dare, wanda ake kira Aurora. Yaran suna son hawan duwatsu da kallon tsuntsayen teku, ni kuma abin da ya daɗe yana ba ni sha'awa shi ne ranar da ba ta faɗuwa har tsakar dare. Shin akwai watan da zai haɗa mana waɗannan duka a tafiya ɗaya? Idan kuma babu, wanne ya kamata mu haƙura da shi?

Tsohon Matafiyi:

Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiyar magana ita ce babu wannan watan, domin burinka da na uwargida ba sa zama inuwa ɗaya. Aurora na bukatar duhu sosai da sama mara gajimare kafin ido ya gan shi, alhali a Lofoten, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli, rana ba ta nutsewa ko kaɗan, kuma ko bayan nan dare yakan kasance da sauran haske har wajen ƙarshen Agusta. Taura biyu ba ta taunuwa, sai ku zauna a matsayin iyali ku tsayar da abin da kuka fi ƙwallafa rai a kai, sannan shi ya zaɓa muku wata.

A ganina, farkon Satumba a Lofoten shi ne ya fi kusa da biya muku bukata. A lokacin duhun dare ya dawo, ana iya dacewa da Aurora idan sama ta washe, kuma ƙanƙara ba ta rufe hanyoyin duwatsu ba tukuna. Yara za su iya hawan Reinebringen, dutse mai tsayin mita 448 da ke kallon ƙauyen Reine, inda magina 'yan Sherpa daga Nepal suka shimfiɗa matakalar dutse kusan 2,000. Hawan yana cin gwiwa ƙwarai, amma daga ƙololuwa mutum yana hango jajayen ɗakunan masunta a jere a bakin ruwa, da ƙananan gadoji da ke ɗinke tsibiri da tsibiri, motoci na bi ta kansu. Waɗannan ɗakunan, da ake kira rorbu, yanzu yawancinsu masaukin baƙi ne, kuma samun su ya fi sauƙi a Satumba fiye da Yuli, lokacin da 'yan yawon buɗe ido ke cika titin E10 da ya ratsa tsibiran har ƙauyen Å.

Sai dai ku sani cewa kaka lokacin ruwan sama ne da iska a can, kuma gajimare na iya rufe sama dare da yawa a jere, don haka kada uwargida ta ɗauki ganin hasken tamkar alkawari. Ku ba kanku isassun kwanaki, ku riƙa duba hasashen yanayi kowace yamma, ku kuma fita daga cikin fitilun gari zuwa gaɓar da ke fuskantar arewa. A ranar da ruwa ya hana fita, gidan tarihin Lofotr da ke Borg, inda aka sake gina dogon gidan wani shugaban Vikin, mayaƙan teku na dā a arewacin Turai, mai tsawon mita 83, zai ɗebe wa yara kewa.

Maman Biyu:

Da izinin Tsohon Matafiyi, ni ban goyi bayan Satumba ba idan har tsuntsaye suna cikin lissafi. Tsuntsun da kowa ke zuwa kallo, wato fafin, mai baƙin baya da farin ciki da kakkauran baki mai launin ja da ruwan ɗorawa, ƙwai kawai yake kawo shi tudu. Yakan haƙa rami a cikin ciyawar gangaren dutse ya yi sheƙa, kuma kafin ƙarshen Agusta ya koma tsakiyar teku, ba za a sake ganinsa ba sai shekara ta zagayo. Wanda ke son ganinsa daf da daf, yana dawowa da ƙananan kifaye reras a bakinsa, sai ya nufi tsibirin Mykines na Faro a Yuni ko Yuli.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙon ku kula da su. Na farko, tsibiran Faro guda 18 suna ƙarƙashin masarautar Danmark amma suna da gwamnatin kansu, kuma ba sa cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka wanda fasfonsa ke bukatar biza dole ne ya nemi wadda aka rubuta a jikinta cewa tana aiki a Faro. Na biyu, yanayin wurin ba shi da tabbas ko a tsakiyar bazara: zafi bai cika wuce digiri 13 ba, hazo yana saukowa ba sallama, kuma jirgin ruwan da ke tashi daga Sørvágur zuwa Mykines yakan fasa tafiya idan teku ta yi fushi. Saboda haka ku sa Mykines a farkon kwanakinku, domin idan an fasa ku sami damar sake gwadawa. Wasu hanyoyin ƙafa sun ratsa filayen kiwon tumakin mutane, ana biyan kuɗi kafin a bi su. Idan kuka dace da 28 da 29 ga Yuli, za ku ga bikin ƙasa na Ólavsøka a Tórshavn, babban birnin Faro, da tseren kwale-kwale da rawar da ake yi ana riƙe da hannun juna.

Ɗalibi a Suwedan:

Baba, ina ganin an bar Gotland a baya, alhali ita ce ta fi sauƙi ga iyali. Ba za ku ga ranar tsakar dare a can ba, Aurora kuma sai jefi-jefi, domin tsibirin yana kudu sosai a tekun Baltik, amma a Yuni da Yuli dare gajere ne ƙwarai, kuma rana ta fi wadata fiye da Lofoten da Faro. Jirgin ruwa daga tashar Nynäshamn da ke gaɓar Suwedan yana kai mutum Visby, babban garin Gotland, cikin awa uku da ɗoriya. Ganuwar birnin, mai tsawon kusan kilomita 3.4, tana tsaye tun ƙarni na 13 da na 14, kuma UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, keke ya ishe ku yawo, a Fårö kuma, wani tsibiri da ke arewacin Gotland, akwai dogayen duwatsun farar ƙasa da teku ta sassaƙe a gaɓa. Masu son tsuntsaye sukan je ƙaramin tsibirin Stora Karlsö, inda 'ya'yan tsuntsayen teku ke dirowa daga kan dutse zuwa ruwa a ƙarshen Yuni tun ba su iya tashi ba. Ku kama masauki da wuri idan tafiyarku ta faɗa a makon taron siyasa na Almedalen, ko Makon Tsakiyar Zamani na Agusta da ake yi tun 1984.

Baban Yara:

Allah ya saka muku da alheri. Mun karanta tare, uwargida kuma ta ce ba za ta janye daga Aurora ba. Shin Fabrairu ko Maris a Lofoten bai fi Satumba tabbas ba?

Tsohon Matafiyi:

Ta fuskar hasken ya fi, Malam, domin dare yana da tsawo, rana kuma ta dawo bayan duhun da ke rufe tsibiran daga farkon Disamba zuwa farkon Janairu. Lokacin ne ma kakar kamun kifin skrei, wani nau'in kifin kod, za ku ga ana rataye shi bibbiyu a kan manyan katakai don iska ta busar da shi kafin a kai Italiya, kawunan kuma Najeriya. Amma yara za su rasa hawan Reinebringen, saboda santsin ƙanƙara da zaftarewarta sun sa hawansa haɗari ne a hunturu, tuƙi kuma yana bukatar tayoyin ƙanƙara da direban da ya saba. Idan babu wanda ya taɓa tuƙi a irin wannan titi a cikinku, ku sauka a garin Svolvær na Lofoten ku bi masu jagorar yawo da motarsu.