Brawl na hannu, fili ya cika: a share yanzu ko a jira?

Bashar, Birnin Kebbi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina son masu buga kwantirol (salon share mayaƙan abokin karawa da jan wasa ya yi nisa) a Hearthstone, wasan kati na waya da kwamfuta, su haɗa mana abin da suka gani a wannan yanayi. Kana riƙe da jarumi Warrior, zagaye na biyar, mana biyar (mana ita ce abin da ake kashewa a buga kati), Brawl, katin share fili, na hannunka. Abokin karawa yana da mayaƙa uku a fili, jininka 22. Ka share yanzu, ko ka ƙara shan duka na zagaye ɗaya don ya zubo wasu? A nan yawancin wasannin kwantirol ke lalacewa, tun ba a kai ga manyan katunan ba.

Sani, Gusau:
Wa'alaikumus salam Malam Bashar. Kafin ka dubi fili, dubi jarumin da ke gabanka, don jini 22 a gaban Paladin daban yake da 22 a gaban Mage. Lissafin kashi biyu ne: dukan da ke fili, da wanda zai iya fitowa daga hannunsa kai tsaye. Mage mai mana goma zai iya jefo Fireball biyu da Frostbolt ɗaya, 6 da 6 da 3, 15 ke nan bai ajiye mayaƙi ko ɗaya ba. To a gabansa, in wasa ya yi nisa, kada ka yarda jininka ya sauka ƙasa da 16. Hunter yana cire maka 2 kowane zagaye da ikon jaruminsa, Kill Command kuma 5 take ci in yana da dabba a fili. Shaman ya fi su yaudara. Ƙananan mayaƙa huɗu masu dukan ɗaya-ɗaya sai ka raina su, amma Bloodlust tana ƙara wa kowanne 3, su koma 16 a tashi ɗaya da mana biyar kacal. Ka haɗa kashi biyun nan. In bayan zagaye mai zuwa za ka tsaya sama da layin haɗari, jira. In ba za ka tsaya ba, share.

Murtala, Argungu:
Lissafin Malam Sani daidai ne, amma akwai abin da ya rage, wato yawan katin da ke hannun mutumin. In saura ɗaya ko biyu, ya riga ya juye abin da yake da shi, share kawai, ba zai sake cika filin da wuri ba. In yana riƙe da biyar ko shida kuma ya bar mana bai kashe ba, da gangan ya yi. Ya san Brawl na nan, ya ajiye uku da suka isa su dame ka, ya ɓoye sauran. Jiran irin wannan ya ƙara na huɗu jiran gawon shanu ne, jininka ne kawai ke zuba. A ƙananan matakai, Bronze da Silver, mutane na zubo komai, jira na biya. Daga Diamond 5 zuwa sama da wuya ka samu mai yi maka wannan kyauta. Abin yi a nan shi ne ka rage su ɗaya-ɗaya da makami ko ƙananan katuna, har ya ga ukun ba su isa ba, dole ya ƙaro.

Ku riƙa lura kuma da katin da ya daɗe a hannunsa tun farkon wasa bai taɓa shi ba. Katuna ba sa canza jeri a hannu. Wanda ya zauna zagaye shida galibi na gamawa ne ko na shara.

Hauwa, Ƙaura Namoda:
Ni kan Brawl ɗin kanta zan yi magana, don ana manta yadda take aiki. Ba duka take kashewa ba, tana barin ɗaya, kuma ba kai ke zaɓa ba. Mayaƙa uku ne, to kowanne na da kashi ɗaya cikin uku na tsira, har da babban da ka fi tsoro. Shi ya sa buga ta a mana biyar cif ba tare da abin binta ba yakan zama rabin aiki. A mana shida kana da Brawl da Shield Slam, in akwai sulke a jikinka. A mana takwas za ka yi Brawl, ka danna ikon jarumi ka samu sulke 2, sannan Shield Slam. Tsarin nan na da muhimmanci: Shield Slam gwargwadon sulkenka take duka, kuma sulke shi ake fara ci kafin jini, don haka mai hankali zai goge maka shi tun kafin ka yi amfani da shi.

Abu biyu kuma. Naka mayaƙan ma suna cikin cacar, to ka fara kai hari da su kafin ka buga ta. Masu Deathrattle kuwa, wato mayaƙan da ke yin wani aiki yayin mutuwa, wasunsu suna barin wani abu a fili bayan sun mutu, in da hali a fasa su tukuna, sannan a share.

Aliyu, Jega:
Yaya Bashar, tambayarka ta ɗauka katin na hannu. Sau da yawa ba ya nan. Tarin kati 30 ne, kwafi biyu kawai aka yarda. Wanda ya fara yana karɓar uku, zuwa zagaye na biyar ya ga takwas, damar ganin aƙalla kwafi ɗaya kusan kashi 47 cikin 100 ce in bai canza komai ba. Na biyu ya ga tara, kusan 52. Saboda haka a gaban masu saurin hari a riƙe Brawl tun a canjin farko, wato musanyar katunan hannu kafin a fara wasa, a mayar da duk mai tsadar bakwai zuwa sama komai kyansa. Na biyu yana da Coin, katin da ke ƙara mana ɗaya a zagayen da aka buga shi, zai iya buga ta a zagaye na huɗu, kada ya ɓarnatar da ita a na ɗaya.

Kabiru, Talata Mafara:
In kwantirol ya haɗu da ɗan'uwansa, duk wannan lissafi ya juye. Jini ba shi ne damuwa ba, yawan kati ne. Wanda tarinsa ya ƙare yana shan duka 1, sai 2, sai 3, yana hawa. Bakwai na farko sun haɗa 28, na takwas ya kashe mai jini 30. In babu wanda ya ja ƙarin kati, na biyu ne ke fara shan wannan duka, don da huɗu ya fara. To kowace Shield Block da ka buga, tunda tana ja maka ƙarin kati, ta matso da kai kusa da wannan duka da zagaye ɗaya. Amma riƙewa ma na da iyaka: hannu goma yake ɗauka, na sha ɗaya ƙonewa yake yi, kuma yana iya zama wanda kake jira. In hannunka ya kai goma, buga mafi ƙarancin amfani ko da ba zai yi komai ba. Kada ka kashe amsa mai tsada kan matsakaicin mayaƙi, ƙirga manyan da ka san suna tarinsa ka ware wa kowanne tasa.

Nasiru, Yauri:
A ƙara da halin da muke ciki a nan. Daƙiƙa 75 ake ba kowa a zagaye, kuma motsin hotunan katuna na cin wannan lokaci, musamman in waya ta yi zafi da bazara. Zagayen Brawl, sulke da Shield Slam na buƙatar ka ga wanda ya tsira kafin ka ci gaba, don haka ka gama tunaninka a lokacin abokin karawa, ka buga da wuri, kada ka jira igiyar da ke nuna ƙarewar lokaci ta fara ci. In netwok ya ɗauke, rufe manhajar gaba ɗaya ka sake buɗewa, takan mayar da kai cikin wasan. Amma zagayen da ya wuce ba ka taɓa komai ba yana sa na gaba ya zo da gajeren lokaci. Wasan kwantirol na iya ninka na masu saurin hari a tsawo, kada a fara shi da caji kaɗan.

Bashar, Birnin Kebbi:
Allah ya saka da alheri. Saura masu kombo, masu tara katuna a hannu su gama wasa a tashi ɗaya, waɗanda ba sa ajiye komai a fili balle a share.

Sani, Gusau:
A gabansu Brawl matacciya ce, mayar da ita tun a canjin farko. Kai ne za ka koma mai hari: ajiye mayaƙi kowane zagaye, bugi fuska, ka tilasta masa kashe guntayen kombonsa wajen kare kai. In kombon nasa na da adadin duka sananne, tara sulke ya haura adadin. In kuwa irin wanda ba ya duba jini ne, sulke ba zai cece ka ba, mana biyun nan na ikon jarumi a sa su kan mayaƙi.