Shawarwarin malamai kan kai yara Gidan Tarihi na Jos

Mun zauna da wasu malaman firamare da na Islamiyya da iyaye a nan Jos, muka tattauna yadda Gidan Tarihi, wanda Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya kafa a 1952, zai zame wa yara aji na biyu.

Shawarar da aka fi daɗewa a kanta ita ce malami ya riga ɗalibai zuwa, ya zaɓi abu biyu ko uku da suka dace da darasinsa. Wata malama ta ce in aka sake su sakaka, hankalinsu kan gidan namun dajin da ke kusa yake komawa. Ta yi gaskiya, ni ma na gani.

An ja magana sosai kan mutum-mutumin Nok (sunan ƙauyen da aka fara samo su ke nan), don wasu iyaye na ɗari-ɗari da su. Wani dattijo ya ce a bayyana wa yara cewa gasasshen yumɓu ne da aka fara tonowa wajen haƙar kuza, shaidar mutanen da ke narka ƙarfe sama da shekara 2,000 da suka wuce. Malamin lissafi kuwa sai ya kai yaran ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, su ga tubali da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufin soro, da idonsu. 'Yan Islamiyya a nemi a nuna musu tsofaffin rubuce-rubucen Larabci.

Kuɗin mota, iyaye su yi karo-karo. An kuma ba da shawarar a kai ziyarar a 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya.